Allon Kwamfuta Na Aiki: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Biya A Adjamé Ko Treichville

Makiyaya da fatake, masu kai shanu da raguna kudu, masu sauke albasar Galmi, masu ɗauko goron Anyama da atamfa zuwa arewa. Ga taƙaitaccen bayanin shirinmu na harkokin kasuwa na wannan mako, mun rubuta shi don ka ajiye a aljihu, ka duba ranar da buƙata ta taso.

Maganar yau a kan allon kwamfuta ce, wato gilashin nan da rubutu da hoto ke fitowa a kansa, wanda masu shago a Abijan ke kira « écran ». Wataƙila ka ce, to ni mai sanda da igiya, ina ruwana da allo? Yi haƙuri ka karanta. Ko ba kai za ka zauna gabansa ba, akwai yaronka da ke riƙe lissafi, akwai magatakardan ƙungiyarku a kara, akwai mai cika maka takardun duwan. Kuma sau da yawa kai ne mai fitar da kuɗin sayen kayan. Tunda aljihunka ne zai yi kuka, ya kamata ka san abin da ake saya.

Me ya haɗa fatauci da allo

Takardar fatauci ta koma cikin kwamfuta. A Kwaddibuwa tun 2013 aka buɗe GUCE, ƙofa guda ta intanet da ake bi wajen takardun shigo da kaya da fitar da su. A 2019 kuma aka soma aiki da tsarin SIGMAT, wanda ke sa bayanin motar da ta tashi daga tashar jiragen ruwa ta Abijan ya riga ta isa kwamfutar duwan ta ƙasar da za ta shiga. Ma'ana, abin da yaro ya buga a ɗan ofis a Treichville shi ne jami'i zai gani a Ouangolodougou ko a Niangoloko.

To ka ɗauka lambar mota ce, ko nauyin kaya, ko lambar kwantena. A allon da ya dushe, 3 da 8 kamar tagwaye suke, 1 da 7 ma haka, sifiri da harafin O kuwa sai mai ido. Lamba ɗaya ta kauce, mota ta tsaya a kan iyaka sai an gyara. In albasa ce, kwana biyu cikin zafi ka san abin da zai same ta. In shanu ne a tirela, kowane yini na tsayuwa nama ne ke zubewa, ga kuɗin ruwa da harawa, ga direba na ƙorafi. Kafin su isa kara sun rame, dillali ya samu abin rage maka farashi.

Akwai kuma cinikin hoto. Gabanin Layya, raguna da yawa ta WhatsApp ake nuna su kafin mai saye ya zo. Mai atamfa da shadda ma hoto yake turawa Maraɗi ko Kano, a ce masa « wannan shuɗin nake so ». In allon da aka gyara hoton a kansa yana ƙarya wajen launi, kaya za su isa, mai saye ya ce ba shi ya zaɓa ba.

Ɗigo: shi ne zaren saƙar allo

Duk abin da ka gani a allo, ƙananan ɗigon haske ne aka jera layi-layi. Turawa na ce musu fikisal. Ka ɗauke su kamar zaren shadda: in zaren ya yi yawa kuma ya matsu, yadi ya yi santsi, zane ya fito tsaf. In zaren ya yi ƙaranci, kana hango ramuka.

Lambobi biyun da ake rubutawa a kwali su ne ƙidayar ɗigon, na kwance da na tsaye. Ga waɗanda za ka ci karo da su a kasuwa:

1366 × 768. Wannan na tsofaffin ƙananan alluna ne da kwamfutocin cinya masu araha. Ɗigo miliyan ɗaya da ɗoriya.

1920 × 1080, ana ce masa Full HD. Ɗigo 2,073,600.

2560 × 1440, ana ce masa QHD, wasu masu shago su ce 2K. Ɗigo 3,686,400.

3840 × 2160, shi ne 4K. Ɗigo 8,294,400, wato ninki huɗu na Full HD cif.

Amfanin yawan ɗigo iri biyu ne. Na farko, gefen haruffa ya fito da kaifi, ido ba ya wahalar rarrabe lamba. Na biyu, allo ya ɗauki abu da yawa a lokaci guda. Misali a teburin lissafi na Excel, in ba a taɓa girman layuka ba, allon 768 zai nuna maka layi kimanin 25, na 1080 kimanin 40, na 1440 kuwa ya haura 55. Mai rubuta shanu sittin da sunan mai kowace da kuɗinta, a allon 1440 kusan duka zai gani ba tare da ya yi ta hawa da sauka ba. A wurin hawa da saukan nan ne ake tsallake layi, a rubuta kuɗin wani a gaban sunan wani.

Girma daban, kaifi daban

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Mutum ya shiga shago, ya nuna wanda ya fi girma, ya ce shi yake so. Girman allo ana auna shi ne daga kusurwa zuwa kusurwa, da inci, wanda a Faransanci ake cewa « pouces ». Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Allo mai inci 24 yana da santimita 61 a karkace, mai 27 kusan 69, mai 32 kuma 81.

Amma girma ba ya ƙara ɗigo. Shanu ɗari a ƙaramin shinge a matse suke. Ka buɗe musu babban fili, ɗarin nan ne dai, sai dai sun warwatsu. Haka ɗigo 1920 × 1080: a allo mai inci 24, ɗigo 92 ne a kowane inci, rubutu na da kyau. Ka shimfiɗa su a inci 27, sun koma 82. A inci 32 sun faɗo ƙasa da 70, kana zaune kusa kana ganin haruffa da haƙora-haƙora. Ka biya kuɗin babba, ka samu rubutun da bai kai na ƙarami ba.

Ga haɗin da ya dace, ka riƙe shi:

Inci 22 zuwa 24, a nemi 1920 × 1080. Ya wadatar wa mai rasit, mai lissafin shago, mai cika takarda ɗaya-ɗaya.

Inci 27, a nemi 2560 × 1440. Ɗigo 109 ke nan a inci. Faɗin gilashin kusan santimita 60 ne, tsayinsa 33 da ɗoriya, don haka takardar A4 biyu za su zauna gefe da gefe kusan da girmansu na gaske. Mai aikin taransit da ke kwafe lamba daga takardar jirgi zuwa takardar duwan, wannan ne nasa: asali a hagu, wurin cikawa a dama, ido na tafiya tsakaninsu kai tsaye.

Inci 27 zuwa 32 mai 4K. Wannan na mai gyaran hoto da bidiyo ne, da mai zana allunan talla da zanen yadi. A inci 27 ɗigo 163 ne a inci. Sai dai ka sani, a wannan matsin rubutu yana ƙanƙancewa kamar ƙwayar gero, dole a sa Windows ta ƙara masa girma zuwa kashi 150 cikin ɗari. In an yi haka, filin aikin ya dawo daidai da na 2560 × 1440, kaifi ne kawai ya ƙaru. Wasu tsofaffin manhajojin lissafi ma ba sa jituwa da wannan ƙarin girman, sai rubutunsu ya yi hazo. Saboda haka mai lissafin shanu ba ya buƙatar 4K, ko da mai shago ya rantse masa.

Kwamfutarka za ta iya jansa?

Amalanke komai kyansa, sai da san da zai ja shi. Allo ba ya ƙirƙirar hoto da kansa, kwamfuta ce ke tura masa ta waya. In kwamfutar tsohuwa ce ko wayar ba ta dace ba, allon mai tsada zai yi aikin mai araha.

Juya kwamfutarka ka dubi kafofin da ke jikinta. Kafa mai launin shuɗi da ramuka 15, ita ce VGA, tun 1987 take. Tana iya kai 1920 × 1080, amma rubutu kan ɗan yi laushi, balle in wayar doguwa ce ko marar kyau. Kada ka sayi allon QHD ko 4K don ka jona shi da VGA, asarar kuɗi ce.

HDMI ita ce irin ta talabijin, kuma tana da tsara-tsara. Tsarar 1.4 tana kai 4K, amma sau 30 kawai take sabunta hoto a daƙiƙa, sai ka ga kibiyar linzami tana tafiya da ɗingishi. Tsarar 2.0, wadda ta fito a 2013, ita ke kai 4K sau 60 a daƙiƙa. A ido duk kafar iri ɗaya ce, don haka gwaji ne kawai zai faɗa maka gaskiya.

DisplayPort ta yi kama da HDMI sai dai kusurwa ɗaya ce aka yanke mata. Ana yawan samunta a kwamfutocin ofis na Dell, HP da Lenovo, kuma daga tsarar 1.2 tana ɗaukar 4K sau 60. Sai USB-C, ƙaramar kafa irin ta sababbin wayoyin hannu. Wata tana fitar da hoto har ta yi wa kwamfutar caji ta waya guda, wata kuwa caji da fayil kawai take yi. Kada ka ɗauka duk USB-C ɗaya ne.

Game da sabunta hoto, sau 60 ko 75 a daƙiƙa ya ishi aikin ofis. In ka ga an rubuta 144 Hz ko 165 Hz da manyan haruffa, na masu wasan kwamfuta ne. Ba zai gyara maka lamba ko ɗaya ba.

Wani zai ce, ai ina da talabijin mai inci 43, me zai hana in jona? Za ta yi, a matsayin maneji. Amma an gina talabijin ne don kallo daga nesa. Tana ƙara wa launi gishiri, wata tana yanke gefen hoto, kuma ƙananan haruffa masu launi kan cakuɗe a kanta. Wanda zai yi awa takwas yana karanta lambobi a kan tebur, ba abokiyar aikinsa ba ce.

Irin gilashin da gaskiyar launi

Gilashin allo iri uku ne a kasuwa. TN shi ne mafi araha. Ka ɗan sunkuya ko ka koma gefe, launi ya juye, fari ya yi toka-toka. VA yana da baƙi mai zurfi, yana da daɗin kallon fim. IPS shi ne wanda launinsa ba ya canzawa sosai ko ta ina ka kalle shi. A harkarmu ba mutum ɗaya ke duba allo ba: mai kaya na tsaye a bayan yaro, dillali na leƙe ta gefe, abokin ciniki na zaune a benci. IPS ne zai sa ku duka ku ga abu ɗaya.

Mai atamfa, mai shadda, mai buga katin biki da allon shago, ku ƙara neman abu guda: sRGB. Ma'aunin launi ne da kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996, shi ne kuma yawancin hotunan intanet ke bi. Allon da aka rubuta masa 99% sRGB ko 100% zai nuna launi kusa da yadda aka nufa. Duk da haka ka sani wayar mai saye tana da nata halin. In cinikin babba ne, ɗan ƙyallen yadi da za ka aika ta hannun direba ya fi kowane hoto.

Ka zaɓi gilashi marar sheƙi. Shagunanmu ƙofa a buɗe suke, haske na shigowa. Gilashi mai sheƙi madubi yake zama, ka riƙa ganin fuskarka da masu wucewa maimakon lissafi. Ƙarfin haske kuwa, 250 zuwa 350 a ma'aunin da ake rubutawa cd/m² ya isa cikin ɗaki.

Maganar wuta

Wutar CIE a Abijan 220 ce zuwa 230, haka ta Nijar, Burkina Faso, Mali, Gana da Nijeriya. Duba takardar da ke manne a bayan allo. In an rubuta 100–240 V, zai yi aiki a duk waɗannan ƙasashe. Bakin filogi ne ya bambanta: ƙasashen Faransanci masu ƙafa zagayayyu, Nijeriya da Gana masu ƙafa uku masu kusurwa. Sauya wayar wutar gaba ɗaya ya fi a yi ta cusa adafta mai girgiɗi, don tartsatsin da take yi na kashe kaya.

In allon zai tafi garin kan iyaka ko rugar da sola ake amfani da ita, sai a yi lissafi. Allo mai inci 24 na zamani yakan ci wat 15 zuwa 25. Mai inci 27 na 4K yakan kai 30 zuwa 45. Ka ɗauki na wat 25, awa takwas, wat-awa 200 ke nan. Na wat 45 kuwa 360. Batirin nan mai 12 V da 100 Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma in irin na gubar dalma ne, rabi kawai ya kamata ka sha in kana so ya daɗe, wato 600. Ka ga babban allo shi kaɗai ya cinye fiye da rabin rabonka, ba a zo kan kwamfuta da fanka da cajin wayoyi ba. Tsofaffin alluna masu kauri, waɗanda fitilarsu ba LED ba ce, sun fi haka ci, kuma suna zafi.

Kada ka kashe duk kuɗinka a allo ka bar shi tsirara. Ware wani abu don na'urar riƙe wuta, wadda ake kira « onduleur », ko aƙalla sitabilaiza. Lokacin manyan ruwan Abijan, daga Mayu zuwa Yuli, in hadari ya taso da tsawa, zare filogi. A kan janareto ma, bari ya daidaita kafin ka kunna allo.

Adjamé ko Treichville

Wanda ya sauka daga arewa, Adjamé ce ke fara karɓarsa, don a nan manyan tashoshin mota suke. A nan kuma ake da kasuwar da kowa ke kira Black Market, matattarar wayoyi, kwamfutoci da masu gyara. Za ka samu sabo a kwali, za ka samu na hannu da aka kwaso daga ofisoshin Turai, irin kayan da mutanen Abijan ke wa laƙabi da « France au revoir ». Zaɓi na da yawa, ciniki a buɗe yake, mai gyara na kusa. Sai dai cunkoso ne, kuma tun daga bakin titi 'yan kamasho za su tare ka, kowa na cewa ya san shagon da ya fi. Ka san dai ladansu a cikin kuɗin da za ka biya yake. In kana da ɗan gari ko mai masaukinka da ya san wurin, tafi da shi, kamar yadda ba ka shiga kara ba tare da dillalinka ba.

Treichville tana ƙetaren ruwa. Daga Adjamé za ka ratsa Plateau, ka hau gadar Houphouët-Boigny ko ta De Gaulle. Unguwa ce ta tsofaffin 'yan kasuwa, titunanta a jere da lamba, kusa da tashar jiragen ruwa da tashar jirgin ƙasa ta Sitarail, kuma ofisoshin masu taransit na da yawa a kewayen. A shagon da ke da rajista, a can ko a Adjamé, za a ba ka faktir mai hatimi da harajin TVA na kashi 18 cikin ɗari, da garanti a rubuce. Farashin zai ɗan ɗara na tebur, amma in allon ya mutu bayan wata biyu kana da ƙofar da za ka buga.

Wanne ya fi? In ofishin ƙungiya ne ko na taransit, inda tsayuwar yini ɗaya asara ce, sabo mai garanti ya fi kwanciyar hankali. In kuɗin bai kai ba, tsohon allon ofis mai kyau ya fi sabon da ba a san sunan kamfaninsa ba. Jerin Dell P da UltraSharp, Lenovo ThinkVision, da na ofis na HP an yi su ne don zaman awanni, kuma ƙafarsu kan ɗaga sama da ƙasa, wasu har su juya a tsaye.

Ga wata 'yar dabara game da Dell. Sunan samfurin na faɗin gaskiyar allon. Ɗauki P2419H: 24 girman ne, 19 shekarar samfurin, wato 2019, H kuma Full HD. In harafin D ne a wurin, kamar U2719D, QHD ne. In Q ne, kamar U2720Q, 4K ne. Mai shago ya ce maka 4K alhali H ce a rubuce a baya, ka san inda aka dosa.

Farashi kuwa yana motsi da kuɗin jirgi da na duwan. Zaga shago uku da sunan samfuri ɗaya a rubuce a takarda, ka tambayi kowa kuɗinsa. Kwatanta samfuri da samfuri, kada a ce maka « ga irinsa ».

Gwajin da za ka yi kafin kuɗi su bar hannunka

Ba ka sayen sa sai ka buɗe bakinsa ka ga haƙora, ka sa shi ya taka. Allo ma haka. Ba a cinikin biri a sama. Tafi da kwamfutar da za a yi aikin da ita, da wayar haɗinta. In ta tebur ce ba ta ɗaukuwa, ɗauki hoton kafofin bayanta da sunan samfurinta.

Da farko a jona, a shiga saitin Windows, wurin da aka rubuta « Affichage » ko « Écran ». Lambar da aka sa wa « recommandé » ita ce ainihin ƙidayar ɗigon gilashin. Wannan na da muhimmanci, don akwai allunan da kwalinsu ke cewa suna karɓar 4K, alhali gilashin 1080 ne. Karɓa suke su matse. A nan kuma ka duba ko sau 60 yake sabuntawa.

Sannan a cika allon da fari fat. Nemi ɗigo baƙi da ya mutu, da tabon rawaya ko duhu, musamman a kusurwoyi. Laimar Abijan na shiga tsakanin gilashi ta bar tabo kamar taswira, kuma ba ya gyaruwa. A mayar da shi baƙi ƙirin: nemi ɗigon da ya maƙale yana haske, da hasken da ke tsiyaya ta gefe. A yi ja, a yi kore, a yi shuɗi. Layi ko ɗaya ka gani ya ratsa daga sama zuwa ƙasa, ajiye shi, komai arahar.

Buɗe takardar aikinka ta gaske, mai ƙananan lambobi, ka zauna kamar yadda za ka zauna a ofis ka karanta. Rage hasken allon ƙasa, ka ɗora kyamarar wayarka a kansa. In ka ga ratsi-ratsi masu duhu suna gudu, fitilar tana ƙyaftawa, kuma irin wannan na sa wasu ciwon kai. Gwada kowace kafa da ke bayansa, ka danna kowane maɓalli. Ka bar shi a kunne minti ashirin kuna ciniki, don wani aibin sai ya ɗumama yake fitowa.

Daga nan sai rasit. A rubuta sunan samfuri, lambar jikinsa wadda ke manne a baya, kwanan wata, kwanakin garanti da lambar shago. Ko ta Wave ko Orange Money ka biya, karɓi takarda. Ita ce shaidarka cewa ba kayan sata ka saya ba, ita ce kuma za ka nuna wa duwan a Pogo, a Laléraba ko a Noé in an tambaya.

Hanya da zama

Allo ba ya son a kwantar da shi a ɗora masa kaya. Daga Abijan zuwa Ouangolodougou kimanin kilomita 600 ne, ta Yamoussoukro, Bouaké da Ferkessédougou, ga sauran tafiya a gaba. Cire ƙafarsa, sa shi a kwalinsa da soson da ya zo da shi, a tsaye. In babu kwali, rufe gilashin da kwali mai kauri, naɗe da bargo, ka riƙe shi kusa da kai cikin mota. Kada ka yarda yaran mota su jefa shi a but tare da buhunan doya.

In an isa, a ajiye shi inda taga ke gefe, ba a gabansa ko bayansa ba. Tsakaninka da shi tsawon hannu, santimita 50 zuwa 70, saman gilashin daidai da idonka ko ƙasa kaɗan. Kada a bar haske a ƙure. Farin allo ya yi daidai da farar takarda da ke kan teburin. Likitocin ido na ba da shawarar kowane minti 20 mutum ya ɗaga kai ya dubi wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Yaron da ke maka lissafi, idonsa jari ne, kuma gajiyayyen ido shi ke haifar da kuskuren lamba.

Lokacin hunturu a arewa, rufe shi da ƙyalle in an tashi, don ƙura na toshe ramukan iskarsa. Wajen gogewa, a kashe shi, a ɗan jiƙa tsumma mai laushi da ruwa a goga a hankali. Kada a fesa ruwa a gilashin kai tsaye, kada a sa omo ko fetur.

Ga abin da za ka rubuta a bayan takardar nan kafin ka hau gbaka zuwa kasuwa: aikin da za a yi da allon, kafofin da kwamfutarka ke da su, irin wutar da ke wurin da zai zauna, da iyakar kuɗinka har da na « onduleur ». Mai lissafin shago da kara, inci 24, 1920 × 1080, IPS. Mai takardun duwan, inci 27, 2560 × 1440, IPS. Mai hoto da zanen yadi, ya ƙara da sRGB, ya hau 4K in kwamfutarsa za ta ja.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko ta wakilinmu na kasuwarku, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai dabbobi da kaya lafiya, ya tsare mu da asara a hanya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.